Yadda Za Ka Koyar da Ilimin Sararin Samaniya da Kacici-kacici: Jagora ga Malaman Makaranta

A yawancin makarantunmu, tun daga Ngaundere, Garwa da Marwa har Kusuri da Njamena, darasin rana da wata da taurari bai wuce 'yan shafuka a littafin kimiyya ko na labarin ƙasa ba. Malam ya jera sunayen duniyoyi takwas a allo da Faransanci, yara su kwafa, su haddace saboda jarrabawa, bayan mako biyu a nemi karatun a rasa. Abin yana damuna ƙwarai. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, ba mu da madubin hangen nesa, amma wannan fanni kayan aikinsa suna saman kan kowane yaro kyauta. Yaron da ke kwana a tsakar gida lokacin zafin Afrilu ya fi ɗan babban birnin Turai ganin taurari, domin can hasken lantarki ya rufe musu sama.

Hanyar da nake ba abokan aiki shawara a kanta ita ce kacici-kacici: gajerun tambayoyi masu amsa ɗaya, a yi su a matsayin gasa. Sai dai da sharaɗi. Tambayar da ta tsaya ga "wane ne" da "a wace shekara" ba ta wuce hadda ba. Wadda nake nufi ita ce wadda in an faɗi amsarta yaro zai ɗaga kai ya ce, "Malam, to me ya sa?"

Akwai dalilin da ya sa tambaya ta fi maimaita karatu tasiri. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada ɗalibai: waɗanda aka sa su tuno abin da suka karanta da ka sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta sake karantawa. Malaman allo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa almajiri ba ya wanke allonsa sai ya kawo da ka, kuma ba a barin tishi.

Mataki na farko: fara da saman da ke kansu

Kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya, ba yara aikin gida na kwana uku. Kowa ya tambayi kakarsa, ko makiyayi, ko ladanin unguwa, sunan tauraro ɗaya da abin da ake faɗa a kansa. Za su dawo maka da Gamzaki, da Zara matar wata, da Kaza da 'ya'yanta, wasu kuma da sunaye na Fulatanci, Barbarci ko Larabcin Shuwa. Rubuta su duka a allo, kada ka raina ko ɗaya. Sannan ka raba musu guntayen takarda, kowa ya rubuta abu ɗaya da ke ɗaure masa kai game da sama, ba sai ya sa sunansa ba. Waɗannan takardu su ne jarinka na farko, kuma a cikinsu za ka ga inda fahimtarsu ta karkace.

Daga nan tambayarka ta farko za ta fito: "Gamzaki da ladan ke gani a gabas kafin asuba, da tauraruwa mafi haske da ke bayyana a yamma bayan magariba a wasu watanni, taurari biyu ne, ko tauraro ɗaya ne, ko kuwa ba tauraro ba ne sam?" Amsa: abu ɗaya ne, kuma duniya ce irin tamu, Zuhura, wadda littafin aji ke kira Vénus. Ba ta da hasken kanta, na rana take mayarwa. Da yake hanyarta tana tsakaninmu da rana, ba ta yin nisa da rana a idonmu: wasu watanni ta riga ta fitowa, wasu watanni ta biyo bayanta wajen faɗuwa. Shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin Gamzaki a tsakiyar sama da tsakar dare. Ka sa su je su tambayi ladan ko ya taɓa gani.

Mataki na biyu: ƙera tambayar

Nan aikin yake, kuma nan ya kamata ka kashe yawancin lokacinka.

Tambaya mafi amfani ita ce wadda amsar da ta fara faɗo wa yaro a rai kuskure ce, amma kuskure mai hankali. Ga misali: "A wane wata duniya ta fi kusa da rana, Janairu, Afrilu ko Yuli?" Ajin Marwa kusan gaba ɗaya zai rubuta Afrilu, wa zai ga laifinsu? Amsa kuwa farkon Janairu ne, lokacin da muke jin ɗumi a bakin wuta. A lokacin tazarar tana wajen kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta kai miliyan 152. To ashe ba kusanci ke kawo zafi ba. Duniya a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi. A Disamba da Janairu rana takan ratse ta kudu da tsakar rana, haskenta ya sauka mana a kaikaice, ga iskar hunturu da ƙura daga Sahara. A Afrilu kuwa tana bi ta tsakiyar ka, ga shi damina ba ta sauka ba balle gajimare ya kare. Tambaya ɗaya ta buɗe darasin yanayi gaba ɗaya.

Irinta ce wannan: "Wace duniya ta fi zafi, Utarid (Mercure) da ta fi kusa da rana, ko Zuhura da ke biye da ita?" Zuhura ce, zafinta yana wajen digiri 465 dare da rana, saboda iska mai kauri ta lulluɓe ta tana riƙe zafi. Utarid ba ta da wannan lulluɓi, da rana ta kai wajen 430, da dare ta sauka zuwa wajen 180 ƙasa da sifili.

Amsoshin ƙarya da za ka jera kusa da ta gaskiya kada su zama na ban dariya. Ɗauko su daga takardun da yara suka rubuta maka. In yaro ya ga tunaninsa a cikin zaɓi uku, zai tsaya ya kare shi, kuma gardamar da za ta biyo baya ita kake nema.

Sai batun lambobi. Kilomita miliyan 150, wato nisan rana, ba ta nufin komai ga ɗan shekara 12, kai ma sai ka yi da gaske. Mayar da ita abin da ya sani. "Da a ce akwai titi zuwa wata, mai babur da ke gudun kilomita 60 a awa, ba tsayawa ba barci, yaushe zai isa: kwana tara, wata tara, ko shekara tara?" Nisan wata kimanin kilomita 384,400 ne, a raba da 60, a raba da 24, ya ba da kwana 267, wato kusan wata tara. Ka bar su su yi lissafin da kansu a allo. Sannan ka ƙara: zuwa rana fa? Shekara 285. Haske kuwa yana yin wannan tafiya cikin minti takwas da daƙiƙa 20, don yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Kishiyar wannan ma tana aiki: "Ina sararin samaniya ya fara?" Iyakar da aka fi amfani da ita kilomita 100 ce sama da ƙasa, kusan rabin hanyar Garwa zuwa Marwa. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana wajen kilomita 400, tana zagaya duniya cikin kusan minti 90, 'yan sama jannatin da ke cikinta suna ganin fitowar rana sau 16 a yini ɗaya.

Tambayoyin da na fi ƙauna su ne masu tushe a ƙasarmu da rayuwarmu, domin suna cire wa yaro tunanin cewa wannan ilimi na wasu mutane ne can.

"Agogon Njamena da na Kano ɗaya ne. Wa ke riga shan ruwa da azumi, kuma da minti nawa?" Njamena ce, da kusan minti 26. Duniya tana juyawa digiri 15 a awa, wato digiri ɗaya a minti huɗu, Njamena kuma tana gabas da Kano da wajen digiri shida da rabi. Duk yaron da ke da dangi a Najeriya ya taɓa jin wannan a waya.

"Me ya sa azumi yakan faɗo wani lokaci cikin zafi, wani lokaci cikin ɗari?" Daga jinjirin wata zuwa jinjirin wata kwana 29 da rabi ne. Wata 12 sun ba da kwana 354, shekarar rana kuma 365 da 'yan awoyi. Kowace shekara azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11, sai ya zagaye dukan yanayi cikin wajen shekara 33. Ka sa su lissafa shekarunsu da kalandar biyu.

"Me ya haɗa jar ƙasar Ngaundere da duniyar Mars?" Tsatsar ƙarfe ce ta rina su duka biyun. "Akwai inda dutse daga sama ya faɗo ya bar rami a Chadi?" Akwai, ramin Aorounga a arewacin ƙasar, faɗinsa ya haura kilomita 12, akwai kuma na Gweni-Fada. "Dutsen Emi Kusi na Tibesti tsawonsa mita 3,415. Dutse mafi tsawo a Mars ya ninka shi sau nawa?" Olympus Mons ya haura kilomita 21, ninki shida ke nan. "Ƙurar da ke tashi daga kwarin Bodele a Chadi, ina take ƙarewa?" Wani kasonta yana tsallake tekun Atlantika har dajin Amazon, taurarin ɗan'adam ne suka bi sawunta. Da su ne kuma aka ga yadda Tafkin Chadi, mai faɗin wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980. "Farantin talabijin da ke kan rufi, wanda muke kira parabol, me ya sa ba ya juyawa alhali tauraron da yake kallo tafiya yake?" Domin tauraron yana nisan kusan kilomita 36,000, inda zagaye ɗaya ke cin yini guda cif, daidai da juyin duniya.

Tambayoyin tarihi kada su wuce ɗaya cikin biyar, su ma a juya su. Maimakon "yaushe Yuri Gagarin ya tafi", ka ba su ranar da kanka, 12 ga Afrilu 1961, ka tambaya: "Zagayen duniya da ya yi, tafiyar ta ci minti 108, awa 108 ko kwana 108?" Minti ne. Maimakon sunan wanda ya fara taka wata a Yulin 1969, tambayi me ya sa sawun Neil Armstrong bai share ba har yau. Babu iska babu ruwan sama a can. Ka kuma ambaci Cheick Modibo Diarra, ɗan Mali da ya yi aiki a hukumar NASA kan kumbon da ya sauka a Mars a 1997, don su san ɗan yankinmu ya shiga wannan fage.

Mataki na uku: tabbatar da amsarka

Tsofaffin littattafai suna nan a akwatunan makarantu suna cewa duniyoyi tara ne. Tun 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta fitar da Pluto daga jerin, saura takwas. Guji tambayar da amsarta ke sauyawa, kamar yawan watannin da ke zagaya Mushtari (Jupiter) ko Zuhal (Saturne), don ana ta gano sababbi. Abin da ya zo maka ta WhatsApp kada ya shiga aji sai ka gan shi a wuri biyu amintattu. Maganar da ake yawo da ita cewa ana hango ganuwar Sin daga wata, misali, ba gaskiya ba ce.

Kowace tambaya ka ba ta katinta, ko da bayan kwalin sukari ne. A gaba tambaya da zaɓi, a baya amsa, dalili cikin jimla biyu, da abin da za ka nuna da hannu. In ka kasa rubuta dalilin cikin jimla biyu, tambayar ba ta nuna ba, ajiye ta tukuna.

Game da harshe: karanta tambaya da Faransanci tunda da shi za su rubuta jarrabawa, ka maimaita da harshen da yaran ke tunani da shi. Wajen kawo dalili ka bar kowa ya yi da wanda bakinsa ya fi sakewa. A ƙarshe a rubuta kalmar Faransancin a littafi.

Mataki na huɗu: shirya ajin

Ajinmu yakan kai yara 80 ko 100, don haka "wanda ya riga ɗaga hannu" ba zai yi ba. Yara uku na gaba za su cinye wasan, sauran su zama 'yan kallo, 'yan mata kuma su yi shiru. Raba su rukuni-rukuni na shida zuwa takwas, kowane rukuni da ƙaramin allo ɗaya da alli. Ka karanta tambaya sau biyu, ka ba da minti ɗaya a yi shawara ƙasa-ƙasa, ka buga tebur a rubuta, ka sake bugawa a ɗaga alluna lokaci ɗaya. Duk wanda ya yi horon malanta ya san wannan dabara ta La Martinière a darasin lissafin ka. Allon ya riƙa zagayawa: wanda ya rubuta amsar tambaya ta ɗaya ba shi zai rubuta ta biyu ba, kuma mai riƙe da allo shi zai yi bayani in an kira rukuninsu.

Maki ɗaya ga amsa, maki biyu ga dalili. Wannan rabo shi ne ginshiƙin abin, kada ka sassauta. Rukunin da ya kuskure amsa amma ya kawo dalili mai ma'ana ka ba shi ɗaya.

Ka aro al'adar kacici-kacicin gida: wanda ya kasa, ya ba da gari. Kowane rukuni ya fara da garuruwa uku a rubuce a gefen allo. In sun kasa, su ce "mun ba ku Mokolo", in kuma mako mai zuwa suka iya bayanin tambayar da ta kayar da su, garinsu ya dawo. Yara sukan koma gida su yi ta bincike saboda garin nan. Bulala da dariyar ƙeta ba su da wuri a nan ko kaɗan. Yaron da aka kunyata kan kuskure ba zai sake faɗin abin da ke ransa ba. Kyauta kuwa alli ko biro sun isa.

Tambaya shida zuwa takwas sun cika awa guda. In ka ga kana yin 20, to bayani kake tsallakewa.

Mataki na biyar: bayan an ɗaga alluna

Kada ka yi saurin faɗin amsa. Dubi alluna, ka kira rukuni biyu da suka saɓa. "Hadiza, ku kun ce inuwar duniya ce ke rufe wata har ya zama jinjiri. Faɗa mana dalili." Sannan, "Bello, ku fa?" Ka saurara da gaske. Bayan haka ka nuna.

Ɗauki wannan tambaya ta jinjirin wata, don kusan kowa, har manya, inuwar duniya yake cewa. Rufe tagogi, ka sa yaro ɗaya ya riƙe tocila a gefe, shi ne rana. Wani ya tsaya a tsakiya, kansa ne duniya, ya soke lemo a tsinke ya miƙa hannu ɗan sama da kansa, lemon ne wata. Ya riƙa juyawa a hankali a inda yake. In lemon yana ɓangaren tocila, gefen da ke kallonsa duhu ne: ƙarshen wata ke nan. Ya ɗan juya, sai siririn haske ya bayyana a gefe: jinjiri. Ya juya wa tocila baya, lemon ya haskaka duka: daren 14. Kullum rabin wata a haske yake, abin da ke sauyawa shi ne yawan wannan rabin da muke hange. Sai ka ce ya sauke hannu har inuwar kansa ta faɗa kan lemon. Wannan ne husufin wata, kuma yanzu sun ga da idonsu dalilin da ya sa ba ya faruwa sai wata ya cika.

In ɗakin ba ya yin duhu, akwai wadda ta fi wannan sauƙi. Daga wajen 18 zuwa 23 ga watan Musulunci ana ganin wata da safe bayan rana ta fito. Fitar da su waje, kowa ya ɗaga lemo ko dunƙulen laka saitin wata. Hasken rana zai zana wa lemon siffar da watan yake da ita daidai.

Mataki na shida: kai su fili

Sau ɗaya a zango, mayar da gasar filin ƙwallo. Ajiye ƙwallon ƙafa a bakin raga ka ce ita ce rana. Tambaya: "In rana ta zama wannan ƙwallo, duniya za ta yi girman lemo, goro, ko ƙwayar gero?" Ƙwayar gero ce, domin faɗin rana ya ninka na duniya sau 109. "A ina za mu ajiye ta?" Kowane rukuni ya tura wakili ya tsaya inda yake zato. Yawanci taku biyu ko uku suke yi. Sai ka auna mita 24. Wata kuma ɗan tsaki ne, santimita shida daga ƙwayar geron. Mushtari, wato Jupiter, ƙaramin goro ne a mita 123, ya fita bayan fili. Neptune ƙwayar gyaɗa ce a mita 700 da 'yan kai, wataƙila a bakin kasuwa. Tambaya ta ƙarshe: "Tauraro mafi kusa da mu bayan rana fa, ina za mu kai ƙwallonsa?" Sama da kilomita 6,000. Daga Njamena zuwa Makka a dawo bai kai ba.

Mataki na bakwai: inda ake buƙatar natsuwa

Wasu tambayoyi suna taɓa abin da yaro ya ji a gida ko a makarantar allo. Kada ka tsara tambaya yadda kakarsa za ta fito a matsayin wadda ba ta san komai ba. Yaron zai zaɓi kakarsa, kuma ya yi daidai. Batun ganin watan azumi da na salla ka tsaya ga lissafin kwana 29 da rabi, hukunci ka bar wa malamai da hukuma.

Kusufi ya fi komai buƙatar kulawa, domin har yanzu a wasu unguwanni ana fita da gwangwanaye ana kiɗa wai rana ta kama wata. Nan addini yana tare da kai. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi kusufin rana, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, Manzon Allah ya bayyana cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarci a yi salla. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. In akwai yara Kiristoci a ajin, ka faɗe shi a matsayin abin da iyayen abokansu suka sani, ka ci gaba da darasi. Tambayar da za ka ɗora a kai: "Rana ta fi wata faɗi sau 400. Yaya aka yi wata ke rufe ta ruf?" Don ta fi shi nisa sau 400 ita ma. Yaro ya rufe ido ɗaya ya kare bishiya da babban yatsansa, zai gane.

Wannan ba labarin nesa ba ne gare mu. Kusufin 29 ga Maris 2006 ya ratsa Najeriya, Nijar da arewacin Chadi. Ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi cikakke a Masar da Makka, mu kuma za mu ga rana ta ɗan gutsure. Na 20 ga Maris 2034 kuwa zai bi ta Najeriya, ƙuryar arewacin Kamaru da Chadi, kuma a cikin Chadi zai kai ƙololuwarsa, duhu na kusan minti huɗu da rana tsaka. Yaran da ke gabanka yau su ne za su yi wa unguwa bayani ranar. Saboda haka ka maimaita musu har ya zauna: ba a kallon rana da ido, ko da baƙin tabarau, ko gilashin da aka shafa wa hayaƙi, ko a cikin kwanon ruwa. Tana ƙona cikin ido ba tare da an ji zafi ba. A huda kwali da allura, a juya wa rana baya, a kalli hotonta a ƙasa.

Mataki na takwas: maimaitawa da aikin dare

Gasa ɗaya a shekara ba ta koyar da komai. Kowane mako ka buɗe darasi da tsofaffin katuna biyu, ɗaya na makon jiya, ɗaya na watan jiya, wannan karon kowa ya amsa shi kaɗai, kuma dalili kawai kake so.

Ka riƙa ba da tambayar da sama ce za ta amsa ta, gwargwadon lokacin shekara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu Kaza tana sama da farkon dare, in ƙura ta lafa: 'ya'yanta nawa ka iya ƙirgawa? Yawancin idanu shida ko bakwai suke gani. Daren 13 zuwa 14 ga Disamba ana samun yawan taurari masu gudu, waɗanda ba taurari ba ne, ƙananan tsakuwoyi ne ke ƙonewa a iska wajen kilomita 80 zuwa 100 sama. Tauraron arewa yana sama da doron ƙasa da digiri tara a Garwa, 12 a Njamena, wato kusan dunƙulen hannu ɗaya in an miƙa shi. Daga tsakiyar Afrilu ka kafa sanda a miƙe a harabar makaranta, a riƙa auna inuwarta wajen ƙarfe 12: akwai ranar da za ta ɓace ƙarƙashin sandar, a Garwa wajen tsakiyar wata, a Njamena bayan kamar mako guda. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogonmu rana tana saitin Ka'aba, duk wanda ya fuskanci ɓangaren da take ya fuskanci alƙibla. In kana da babbar waya, manhajar Stellarium kyauta ce, tana aiki ba intanet, za ta nuna maka abin da ke sama kowane dare kafin ka ba da aikin.

Duk aikin dare a yi shi daga tsakar gida. Kada ka tara yara da daddare, musamman a yankunan da tsaro ya yi rauni, kuma iyayen 'yan mata ba za su yarda ba ko da lafiya lau ake.

Daga zango na biyu ka miƙa musu alƙalami. Kowane rukuni ya kawo tambaya biyu a mako, da zaɓi uku da dalili a bayan kati, kai ka tantance kafin a yi amfani da su. Mai kyau ta shiga akwatin aji da sunan rukunin a jikinta, ajin da zai biyo baya ya gaje ta. A ƙarshen shekara, in za a kara tsakanin aji biyu ko makarantu biyu, rabin tambayoyin su fito daga wannan akwati. Ka gayyaci iyaye, ka ware zagaye ɗaya da yara za su tambayi manya, amma ka fara nuna wa shugaban makaranta da shugaban ƙungiyar iyaye katunan wannan zagaye tun kafin ranar.